Ɗan Ɗigo a Hazon Nuwadibu

Makarantar da na bar Tasawa dominta ɗaki biyu ce a saman wani kantin tayal a Dakar. Na tsaya a bakin titi da jakata a kafaɗa ina duba allon da ke rataye, ina gwada shi da hoton da ke cikin telefon ɗina. Suna ɗaya, launi ɗaya. Sai dai a hoton akwai dogon gini fari, da wata ƙatuwar eriya a kansa, da samari cikin fararen riguna. A nan kuwa wata siririyar matakala ce mai warin mage, da ƙofar ƙarfe a kulle.

Sunana Lawali, haihuwar Isawan, arewacin Mayahi. A Tasawa na yi lise, wato sakandare, na je Maraɗi na koyi gyaran kayan lantarki, na dawo na buɗe ɗan shago kusa da tasha ina gyaran telefon da haɗa pano na wutar rana. Yanzu ma a Tasawa nake wannan rubutu, na zo hutu daga filin jirgin saman da nake aiki. A wancan lokaci shagon yana ciyar da ni, ba ni da kukan komai. Abin da ya hana ni zama shi ne ranar da jandarmomi suka kafa wata na'ura mai ƙafa uku a bakin kwalta, hanyar Damagaram, suna tsayar da masu gudu. Na rufe shago na je kallo. Mota tana can nesa, ba wanda ya taɓa ta, ba wanda ya bi ta, sai lamba ta fito a fuskar na'urar, wai gudunta ke nan. Na tambayi jandarman yadda take sani. Ya ce sunanta radar, shi dai an koya masa inda zai danna, sauran in tambayi wanda ya ƙera. Tun ranar abin ya zauna mini a kai. Na karanta abin da na samu a intanet, na gane rabi, rabin ya ƙi shiga. So nake in buɗe ta in taɓa da hannuna.

Wani ɗan garinmu, Salisu, da ya daɗe a Dakar, shi ya turo mini hotunan nan, ya ce makarantar koyon radar ce, ya san daraktanta kamar ɗan uwansa. Yayana Mamman Sani ya sayar da san da ke ja masa amalanke, na sayar da kayan shago, muka tura wa Salisu kuɗin makaranta.

Washegari ƙofar ƙarfen ta buɗe. Mutumin da ke ciki yana koya wa ƴan mata buga takardu a kwamfuta ne. Ya saurare ni har na gama, ya ce bai taɓa ganin radar ba sai a talabijin, kuma ni ba ni ne na farko da ya zo da hoton nan ba. Na kira Salisu, layin a rufe. Na je unguwar da ya ce yana zaune, ƴan Nijar ɗin da na samu suka ce ya tashi tun kafin azumi, ba wanda ya san inda ya yi.

Ƙafata ce ta gaji na zauna a bencin wata mai shinkafa da kifi, ba don ina da niyyar saye ba. Ta yi mini magana da Wolof, na girgiza kai. Can na ji ta juya tana yi wa maƙwabciyarta magana da Fillanci. Na taso tare da ƴaƴan makiyaya a Isawan, don haka na gaishe ta yadda muke gaishe da iyayensu. Ta ajiye ludayi ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Fillancina kamar na wanda ya cika baki da gari. Sunanta Kumba. Ta zuba mini abinci ba ta tambaye ni komai ba, sai da na cinye sannan ta ji labarin. Ƙanen mijinta yana da gareji a bayan layin, a can ta samo mini wurin shimfiɗa tabarma.

Kiran Yaya ne ya fi yi mini nauyi. Na faɗa masa komai ban rage ba. 

"Ka taho gida," in ji shi. "Shago ana sake buɗe shi. Ba kai ka ci amana ba."

Na ce masa ba zan dawo ba sai na koyi abin da na fito koyo, ko a makaranta ko a wani wuri. Ya tambaye ni wane wuri, na ce ban sani ba tukuna.

"To. Kak ka faɗa ma Inna yanzu. Ni zan san yadda zan yi mata."

Na yi watanni a Dakar ina gyaran telefon a gefen teburin wani a kasuwa. Duk ranar da ba aiki sai in tafi bayan shingen tashar jiragen ruwa in tsaya. Kowane jirgi yana da wani farin ƙarfe kamar taɓarya a kwance a samansa, wani yana juyawa, wani a tsaye. Abin da na zo nema ke nan, yana gabana, waya ce kawai tsakanina da shi. Wata rana wani ma'aikacin jirgi ya kawo telefon da ruwan gishiri ya shiga. Ina gyarawa ina yi masa tambayoyi har ya gaji. Shi ya ce mini in da gaske nake in tafi Nuwadibu, a arewacin Muritaniya, jiragen kamun kifi sun yi yawa can, masu gyara kaɗan ne. Ya ce in tambayi Sidi Ahmed, amma in shirya, mutumin ba ya dariya.

Ranar da zan tashi Kumba ta ɗaure mini busasshen kifi da garin gero a leda, ta ce in na ƙi karɓa kada in sake kiranta inna.

A Rosso ake ƙetare kogi a shiga Muritaniya. Tun kafin in sauko daga mota wani mai riga mai ƙyalli ya fizge katina na shaida, ya ce shi ma'aikaci ne, in biyo shi. Na bi shi cikin turmutsitsi, wani kuma ya ce zai riƙe mini ƙaramar jaka kada ta jiƙe. Wata tsohuwa Balarabiya, a naɗe cikin shuɗin mayafi, ita ta tare mai rigar ta dinga zazzaga masa faɗa da harshensu har ya jefo mini katin ya shige cikin mutane. Ta nuna mini tagar da ake buga hatimi na gaskiya, ta yi gaba ba ta jira godiya ba. Da na waiwaya, mai riƙe jaka ya ɓace. Kayan aikina ne a ciki, ma'aunin lantarki da ƙarfen narka dalma da na taho da su tun daga Maraɗi. A kan jirgin fito na zauna a kan taya ina kallon ruwa, na ce wa kaina hannuwan dai suna nan.

Nuwakshot ban ga komai a cikinta ba sai tasha. Daga can hanya ce miƙaƙƙiya cikin yashi, ba gona, ba rumbu, ba ko gawo ɗaya da mutum zai ce ga inuwa. Ni da nake ganin Isawan ƙarshen fari ce, sai na ga ashe mu a lambu muke.

Nuwadibu iska ce da warin kifi. Iskar ba ta hutawa, sanyinta yana shiga ƙashi ko rana na tsaka. Na samu ɗaki tare da wasu samari ƴan Gini da Mali da Gambiya, kusan dukansu jiran kwalekwalen da zai kai su Turai suke yi. Na samu aikin ɗaukar akwatunan ƙanƙara a wani kamfanin kifi. Cikin sati biyu tafin hannuna ya tsattsage, gishiri yana shiga yana ci kamar barkono. Wani ɗan Gini a ɗakinmu, Usmanu, shi ya riƙa shafa mini man kaɗe yana ɗaure mini da tsumma.

Shagon Sidi Ahmed kwantena ce da aka yanka wa taga, a bayan ma'ajiyar sanyi. Dogon mutum ne siriri, gemunsa ya yi fari, yana ɗingishi. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni da Faransanci mafi kyau da na iya. Bai ɗaga kai daga abin da yake kwancewa ba, ya ce nan ba lakwal ba ce, ba ya karantar da kowa. Na koma washegari bayan an tashi aiki, ya faɗi haka. Na ci gaba da zuwa ina zama a kan wani tsohon batir a bakin ƙofa. Ba ya kora ta, ba ya kula ni. In ya dafa shayi yakan miƙo mini kofi ba tare da ya dube ni ba, don a ƙasarsu ba a shan shayi a bar wanda ke zaune.

Gwiwarsa ce ta buɗe mini ƙofa. Wata la'asar aka kira shi wani jirgi da eriyarsa ta daina juyawa. Ya tsaya a gindin tsanin ƙarfe yana kallon sama, ya dafa gwiwa, sannan ya juyo ya tambaye ni ko ina tsoron bisa. Na ce a'a, alhali ban taɓa hawa abin da ya wuce rumbu ba. Ya shiga ɗakin tuƙi ya kashe radar, ya zare fis ɗin da ke ba ta wuta ya sa a aljihuna, ya ce wannan ne darasi na farko: ba a hawa tana kunne, kuma ba a yarda da wanda ya ce ya kashe. Na hau, jirgi yana rangaji. Yana ƙasa yana yi mini ihun abin da zan kwance. Bel ɗin da ke juya eriyar ne ya tsinke. Da na sauko na yi amai a gefen jirgi, ya jira na gama.

"Ba tausayinka na ji ba," ya ce. "Ƙafa nake bukata. Kai ka ba ni ƙafa, ni in ba ka abin da ke kaina. Gobe da safe."

Sidi ba ya koyarwa a zaune. Ranar farko ya kai ni gaban doguwar katangar ma'ajiyar sanyi ya tafa hannu, amsa-kuwwa ta dawo. Muka ja da baya ya sake tafawa, ta ɗan jinkirta. Ya ce radar ke nan gaba ɗayanta. Tana aika ɗan gajeren bugun rediyo, ta yi shiru tana saurare. In bugun ya ci karo da abu sai ya dawo, jinkirin dawowarsa shi ne nisan abin, inda eriya ta fuskanta a lokacin shi ne gefen da yake. Tana yin haka ba ƙaƙƙautawa tana juyawa, duk abin da ya amsa sai ya fito ɗigo a ekaran, wato gilashin fuskarta. Don ta raba mai motsi da na tsaye, takan gwada amsar yanzu da ta ɗazu. Tudu da katanga da jirgin da ke ɗaure ba sa canzawa. Wanda ya canza wuri shi ne mai tafiya, kuma in ka bar sawunsa a ekaran zai ja wutsiya a bayansa. Doguwar wutsiya, mai sauri ke nan. In jirginka ma tafiya yake, dole a gaya wa na'urar gudunka da inda ka dosa ta cire, in ba haka ba za ta ce maka gari ne ke tahowa.

Na ce masa na'urar jandarmomin Tasawa ba ta jira wata wutsiya ba, nan take ta faɗi gudun mota. A ranar ne na fara ganin kamar zai yi murmushi. Ya ci dabino ya tara ƙwallayen a hannu, ya tsayar da ni, ya koma nesa. Ya ce zai riƙa jifa ta da su ɗaya bayan ɗaya, tazara ɗaya. Yana tsaye, suka riƙa zuwa daidai. Sai ya fara tahowa yana jifa, suka riƙa iso ni a kusa da juna, don kowace tafiyarta ta fi ta baya gajarta. Ya juya yana ja da baya, suka riƙa zuwa a warwatse. Ya ce haka igiyar rediyo take. In ta dawo daga abin da ke tahowa takan dawo a matse, daga abin da ke gudu kuma a miƙe, kuma yawan matsewar shi ne gudun. Ya ce in saurari jirgin ƙasan da ke kawo ƙarfe gari, ƙahonsa siriri ne in yana tahowa, ya yi kauri in ya wuce. Na tuna manyan motocin da ke ratsa Tasawa suna oda, shekara da shekaru ina jin wannan canjin murya ban taɓa tambaya ba. Sababbin radar na jirgin ruwa, in ji shi, suna shafa wa mai tahowa ja, mai tafiya kore.

Sannan ya yi wani abu da ban ba shi muhimmanci ba a lokacin. Ya bi ta gabana a gicciye, daga dama zuwa hagu, yana jifa, ƙwallayen suka zo daidai kamar yana tsaye. Ya ce wannan dabara zuwa da komawa kawai take gani, mai gittawa ba ta san da shi ba.

Na bar aikin ƙanƙara. Abin da Sidi ke ba ni bai kai na kamfanin ba, wata rana burodi da shayi ne abincina har dare. Damina ta faɗi a gida, a Nuwadibu ko gajimare babu. Yaya ya kira ya ce an yi ruwan shuka, sun shuka gonar arewa, taki kuwa a ka suka kai shi bana. Bai ce don babu sa ba ne, ni ma ban ce ba. Sai ya ce Inna na son magana, ta riga ta sani.

"Lawali, mi kake ci can?"

Na ce kifi.

"Kullum kihi? Babu hura?"

Na ce babu. Na ji kukan awaki a bayanta da ƙarar turmi, har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai da na ji a hancina. Ta ce wanda ya cuce ni ta bar shi da Allah, ni kuma tunda na ce sai na koya, to in koya da kyau, kada in dawo da rabi. Bayan mun gama na zagaya bayan kwantena na daɗe ban fito ba. Ranar Sidi ya aika aka sayo nono.

A cikin watannin nan Usmanu ya samu wuri a kwalekwale. Ya roƙe ni mu tafi tare, ya ce mai hannu irin nawa ba zai rasa aiki a can ba. Na ce masa na riga na ga yadda kwalekwalen katako yake fitowa a ekaran, in ma ya fito. Ya bar mini bargonsa ya tafi. Har yau ban ji labarinsa ba.

Shekara ta kusa zagayowa lokacin da muka ɗora sabuwar radar a jirgin wani kapiten ɗan Senegal, Fal, mutum mai ƙiba da ƙaramar murya. Sai an fita teku a gwada kafin ya karɓa. Gwiwar Sidi ta kumbura, ya ce in je ni kaɗai. Muka fita da safe rana tas. Da hantsi hazon teku ya sauko, irin mai jiƙa riga, har gaban jirginmu ba ma gani daga ɗakin tuƙi. Kapiten ya rage gudu, ya ce to, ga gwajin ya zo da kansa, in karanta masa.

Akwai wani babban ɗigo a gabanmu ta dama, da nisa. Ba ja, ba kore. Na ce masa wannan a tsaye yake, ko kuma a hankali yake tafiya. Kapiten ya leƙo ya ce ba wanda ke jefa anka a wurin nan, hanyar manyan jirage ce, in kunna wutsiya. Na kunna. Kafin eriya ta yi ƴan zagaye wutsiyar ta miƙe zar. Jirgin dakon kaya ne, gudu yake sosai, yana gitta mu daga dama zuwa hagu, shi ya sa launi bai kama shi ba. Kunya ta kama ni, na tuna ƙwallayen dabino. Kapiten bai tsaya kan maganar ba, ya ce zai wuce nesa da mu, ba ruwanmu da shi.

Don in huce kunyar na sa yatsa na bi layin da jirgin zai bi. Wurin fes yake. Amma ni na saita matacin da ke share amsar igiyoyin ruwa, kuma na san na ƙara shi da yawa don ekaran ya yi wa mai saye kyau. Sidi yakan ce matacin nan ba ya bambanta kumfa da mutum. Na rage shi, na ƙara wa na'urar ji. Ekaran ya cika da ƙananan ɗigo kamar an watsa gero, kowane zagaye su ɓace wasu su fito a wani wuri. Na ƙura ido har hawaye ya taru. Akwai ɗaya da yake dawowa wuri ɗaya. Wani zagayen ya ɓace, na gaba ya dawo. Wutsiyarsa ƴar guntuwa ce, tana nuna ruwa ne kawai ke jansa kudu. Kuma yana kan layin babban jirgin.

Na nuna wa kapiten. Ya ce zai iya zama tulun robar da masunta ke ɗaura wa raga ne ya tsinke, shi ma haka ruwa ke jansa. Ya tambaye ni ko na tabbata kwalekwale ne.

"Ban tabbata ba, Kapiten. Abin da na tabbata, abu ne mai jiki, ba ruwa ba ne, kuma ba ya kaucewa."

Ya dube ni, ya dubi ekaran. Ya ce in tulu ne, gobe duk tasha za ta yi masa dariya ya tsayar da jirgin ƙarfe saboda roba. Yana faɗin haka hannunsa yana kan rediyo. Ya kira babban jirgin, ba amsa. Ya sake kira, ya sake, muryarsa ba ta tashi ba amma gumi ya fito masa a goshi cikin sanyin nan. Can wata murya ta amsa da Turancin da ban gane ba. Kapiten ya ce mini sun ce babu komai a tasu radar. Ya ce in auna masa nisan ɗigon daga hancin jirginsu da gefen da yake. Na auna, na sake aunawa, na faɗa masa, ya faɗa musu. Rediyo ta yi tsit.

Jirgi irin wannan ba ya tsayawa kamar mota, ko ya kashe inji sai ya yi tafiya mai nisa. Juyawa kaɗan ce kawai za ta yi amfani, kuma sai in an fara da wuri. Muka tsaya mu biyu a kan ekaran. Babban ɗigon yana cin tazarar, wutsiyarsa a miƙe. Na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Usmanu ne a raina, ko da yake na san ya daɗe da wucewa.

Sai gefen babban ɗigon ya fara yin kore. Wutsiya ba ta nuna komai ba tukuna, amma launin ya riga ya faɗa: ya fara ba mu baya, yana karkata dama. Na ce wa kapiten sun juya. Ya ce ko ya isa, Allah ne ya sani. Babban ɗigon ya zo ya haɗiye ƙaramin, suka zama abu ɗaya. Eriya ta zagaya, babu. Ta sake zagayawa, babu.  Sai ga shi ya fito ta bayan babban, ɗan mitsitsi, a wurinsa.

Kapiten ya tura inji muka nufe shi, ina faɗa masa dama kaɗan, hagu kaɗan. Kafin mu ga komai muka fara jin ana dukan jarka da ƙarfe. Sannan hancin kwalekwale ya fito daga cikin hazo, mai fenti shuɗi da rawaya, ruwa ya kai musu gwiwa saboda igiyar da babban jirgin ya tayar, suna kwarfewa da bokiti da hannu. Masunta ne su biyar, injinsu ya mutu kwanaki, ruwan shansu ya ƙare, leɓunansu sun farfashe. Aka jefa igiya aka jawo su ɗaya bayan ɗaya, aka ɗaure kwalekwalen a bayanmu.

Dattijon cikinsu, Modu, bayan ya sha ruwa ya samu murya, ya ce sun daɗe suna jin ƙugin injin yana tahowa har cikin ƙirjinsu, ba su san gefen da za su tuƙa ba, sai suka ajiye filafili suka yi shahada. Sun ga bangon ƙarfe ya wuce su kamar gari yana tafiya. Ya tambaya wane ne ya gan su cikin wannan hazo. Kapiten ya nuna ni da haɓa. Dattijon ya hau ɗakin tuƙi da rarrafe, ya ce a nuna masa. Na nuna masa inda ɗigon yake ɗazu, na kwatanta masa girmansa da ƙwayar gero. Ya daɗe yana kallon gilashin. Ya tambaye ni garinmu, kapiten yana fassara, na ce Nijar, ƙasar da babu teku ko kaɗan. Ya kama hannuna da nasa biyu, masu kaushi kamar ɓawon itace, ya ce, "Ɗana, to me ya kawo ka nan?" Bai saki hannun ba har muka ga fitilar tasha.

Kafin mu ɗaure jirgi labari ya riga mu isa. Na sami Sidi a kwantena, ƙafarsa a miƙe kan akwati. Na zayyana masa komai, har kuskuren da na yi da babban jirgin. Ya saurara yana juya shayi daga kofi zuwa kofi. Da na gama ya tambaye ni ko na toshe inda waya ke shiga gindin eriyar da kyau, don hazon nan gishiri ne zalla, in ya samu ƙofa wata biyu ba za ta yi ba. Na ce ina zaton na toshe.

"Zato," in ji shi. Ya miƙo mini gam da sufana. "Sha shayinka ka je ka gani."

Na koma jirgin, na kashe radar, na zare fis na sa a aljihu, na hau. Hazo ya yaye, iska tana kaɗa ni. Gefe ɗaya na toshiyar bai kama ba, har raɓa ta fara taruwa a bakin. Daga can sama ina hango bakin yashi inda aka jawo kwalekwalen mai shuɗi da rawaya, mata sun kewaye shi, wata ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zane, yara suna ta hawa suna sauka. Na kalle su kaɗan. Sannan na maƙale ƙafata a tsani, na goge wurin da gefen rigata har ya bushe, na kwance toshiyar gaba ɗaya na sake ta daga farko.